Daga Gidan 'Yantattun Bayi na Zungeru zuwa Hukumar NAPTIP: Waiwaye a kan Yaƙi da Fataucin Mutane a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk mai sauraren rediyo a 'yan shekarun nan ya saba da jin ana cewa "fataucin mutane" ko "safarar bil'adama", har yakan ɗauka wani sabon bala'i ne zamani ya kawo. Lafazin ne sabo. Fatauci a Hausa shi ne ɗaukar haja daga wani gari zuwa wani mai nisa domin neman riba, mai yin sa kuwa shi ne farke. Idan aka jingina kalmar ga mutane, to ɗan Adam ne ya zama hajar. Shi kuwa wannan ciniki harshen Hausa ya daɗe da tanadar masa kalmomi. Akwai bawa da baiwa da kuyanga, akwai bacucane, watau wanda aka haifa cikin bauta, akwai rinji, ƙauyen da bayi ke noma wa ubangijinsu, akwai murgu, kuɗin da bawa ke biya domin a bar shi ya yi sana'ar kansa, sa'an nan ga fansa. Harshe ba ya tara kalmomi haka a kan abin da masu shi ba su sani ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin abin da hukumomi suka yi game da wannan ciniki ta fuska biyu, watau hana shi, da kuma kula da wanda aka ƙwato daga hannun mai sayarwa. Za a fi tsayawa a kan shekarun farko na mulkin Turawa, domin a nan ne aka fara gina gida musamman saboda waɗanda aka ceto, kuma matsalolin da suka taso a gidan ba su gushe ba.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Kuskure ne a zaci sai da Bature ya zo sarakuna suka fara damuwa da sayar da talakawansu. A wajen shekarar 1391 Sarkin Barno Usman ɗan Idris ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ takarda, yana kukan cewa Larabawan Juzam suna kama mutanensa, 'ya'ya Musulmi, suna sayar wa fataken Masar da Sham. Ya roƙi a bincika kasuwanni a sako su. Malamin nan na Masar, Alƙalƙashandi, shi ya adana mana takardar. A 1615 kuma Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta Mi'irajus Su'udi, inda ya amsa tambayar wasu mutanen Tuwat, ya bayyana cewa baƙar fata ba hujja ba ce ta bautar da mutum, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. Bautar da ɗa Musulmi yana cikin laifuffukan da masu jihadi suka tuhumi sarakunan Haɓe da su, kuma a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya nuna wa baƙonsa Kilafatan yardarsa ta hana fatake kai bayi bakin teku.

Sai dai dole a faɗi iyakar wannan kariya. Ɗa Musulmi take karewa. Wanda aka kamo daga duwatsun Bauci ko ƙasar Gwari ko kudancin Adamawa, shari'ar zamanin ba ta ɗauke shi wanda aka zalunta ba. Ko shi ɗan Musulmin, idan mahara suka yi gaba da shi, nauyin nemo shi yakan faɗa wa danginsa ne. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda aka kwashi wasu danginta a hari, aka bi sawu, aka yi ta haɗa kuɗin wuri har aka fanso su. Wanda ba shi da dangi masu hali, shi ke nan ya tafi.

3.0 Dokar Gwamna Lugga

Ran 1 ga Janairu 1900 Ingila ta shelanta mallakar Nijeriya ta Arewa, da Lugga a matsayin Babban Kwamishina. Hana farautar bayi ita ce babbar hujjar da ya riƙa kafawa a gaban mutanen ƙasarsu duk sa'ad da zai tura soja, tun daga Kwantagora da Bida a 1901 har zuwa Kano da Sakkwato a 1903. Masana biyu, Lovejoy da Hogendorn, a littafinsu na 1993, sun ƙiyasta bayin da ke Daular Sakkwato a lokacin tsakanin miliyan 1 da miliyan 2 da rabi. Kowace daga cikin ƙididdigar biyu aka ɗauka, an san abin da Lugga ya tarar ya fi ƙarfin 'yan tsirarun Turawan da ke tare da shi.

Dokar da ya kafa a 1901 ta ƙunshi abubuwa uku. Ta haramta kamu da saye da sayarwa. Ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Sa'an nan ta soke matsayin bauta a gaban shari'a. Wannan na ukun shi ne ke rikitar da ɗalibai, don haka ya kamata a warware shi. Ba a ce mallakar bawa laifi ba ne, ba a kuma ce bayi sun 'yantu ba. Abin da aka ce shi ne kotun Bature ba ta san wani mutum dukiyar wani ba ne, saboda haka ubangiji ba zai kai ƙara can a mayar masa da bawansa da ya gudu ba. Bawan da ya zauna kuwa yana nan bawa.

To, bayi ba su jira fassara ba. Da jin an ci gari, sai gudu. Masanan nan biyu sun ƙiyasta waɗanda suka tsere a shekarun farko sun kai wajen 200,000. Wannan ya tsorata Lugga ƙwarai, domin sarakunan da yake so ya yi mulki ta hannunsu arzikinsu a rinji yake, kuma idan gonaki suka zama kufai babu mai biyan haraji. Boren Satiru na 1906, wanda bayi gudaddu da yawa suka shiga, ya ƙara masa tsoro. Saboda haka umurnin da ya bai wa Razdan-Razdan shi ne kada a ƙarfafa wa bawa guiwar gudu, kada a ba gudajje gona, wanda ke son 'yanci ya tafi gaban alƙali a yanka masa fansa ya biya a ba shi takarda. Watau dai an ɗauki tsohuwar al'adar murgu da fansa an mai da ita hanyar hukuma. Bambancin kawai shi ne yanzu ubangiji ba shi da ikon ƙin karɓa. Fiye da mutum 100,000 suka sami takardar 'yanci ta kotuna kafin a kai 1936, kuma isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da cinikin gyaɗa da ya biyo baya sun taimaki maza da yawa wajen tara kuɗin.

A ganina, ko da za a yaba wa dabarar ta fuskar siyasa, bai kamata a manta wanda ya biya kuɗinta ba. Mutumin da aka sato yana yaro shi aka ce ya sayi kansa, yana kuma biyan harajin Bature a lokaci guda. Na mata ya fi muni. Hukuma ta ɗauki sha'anin ƙwarƙwara a matsayin sha'anin aure, ta bar shi ga alƙalai. Da yawa daga cikin matan da littattafan kotu suka nuna an fansa, wani namiji ne ya biya kuɗin ya tafi da su gidansa. A takarda an rubuta fansa, amma mai karatu ya san sunan cinikin da mutum ke ba da kuɗi ya karɓi mace.

4.0 Gidajen 'Yantattun Bayi

Rufe kasuwannin bayi na fili bai yi wuya ba. Na Kano an rufe shi da cin garin a 1903. Cinikin sai ya koma ɓoye, ya kuma koma kan yara ƙanana, domin yaro ba ya gardama, ba ya sanin hanyar gida, kuma farke na iya cewa ɗansa ne ko almajirinsa. Sojoji da 'yan sanda suka riƙa tare ayari a mashigin kogi, musamman a Binuwai, suna ƙwace yara. Nan fa tambayar da doka ba ta amsa ba ta taso. Ga yaro ɗan shekara 6 a hannun Razdan, ya rame, ba ya jin Hausa, babu wanda ke jin yarensa a barikin, bai san sunan ƙauyensu ba. Wani ma iyayensa ne suka sayar da shi saboda yunwa, idan an mayar da shi gobe za a sake sayarwa. Ina za a kai shi?

Amsar gwamnati ita ce Gidan 'Yantattun Bayi. Babban shi ne na Zungeru, hedkwatar mulki a lokacin, wanda ya kankama a 1904, aka kuma buɗe wani a Maifoni ta ƙasar Barno. Baturiya ce ke shugabantar na Zungeru. Ana ciyar da yara, a yi musu magani, a koya musu wanki da guga da ɗinki da aikin lambu da kafinta, da ɗan karatun boko. Rahotannin shekara-shekara na gwamnatin ba su ɓoye yawan mace-mace a gidan ba, domin yawancin yaran sun iso ne a galabaice bayan doguwar tafiya da yunwa.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne hanyar fita daga gidan. Kaɗan ne aka gano danginsu. Manyan mata akan aurar da su, sau da yawa ga sojoji da ma'aikatan gwamnati. Yara kuwa akan ba da su riƙo ga wanda hukuma ta amince da shi, su yi masa aikin gida, ko a miƙa su ga 'yan mishan, wasu har kudancin Nijeriya. Dubi sana'o'in da aka zaɓa a koyar. Wanki da guga da dafuwa sana'o'in barikin Turawa ne, ba na ƙauyen da aka sato yaron ba. Ashe gidan, ko da niyya ko babu, ya zama wurin horar da boyi-boyi. An fitar da yaro daga hannun wanda zai sa shi aiki ba lada, an sa shi hannun wani mai sa shi aiki, sai dai wannan karon da rajista da mai zuwa dubawa. Ba na cewa duka ɗaya ne. Rajistar da dubawar sun ceci rayuka. Amma tazarar ba ta kai yadda rahotannin suka zuzuta ba.

Gidajen ba su daɗe a hannun gwamnati ba. Kuɗi ya yi ƙaranci, kuma hukuma ba ta ɗauki renon yara aikinta ba. A 1909 aka kwashe yaran Zungeru aka miƙa su ga ƙungiyar mishan ta S.U.M., wadda ta gina gida a Rumasha a bakin Binuwai, ta sa masa sunan Lusi, matar Karl Kumm wanda ya kafa ƙungiyar, wadda ta rasu a 1906. Daga baya aka mai da gidan Wukari, aka rufe shi a 1925. Akwai siyasa a cikin wannan miƙawa. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, don haka ba a son a ga gwamnati na kiristantar da yara da hannunta, amma da yake yawancin yaran ba daga gidajen Musulmi aka kamo su ba, sai aka ga babu mai tayar da magana. Yaran da suka tashi a can da yawa sun zama masu wa'azi da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, kuma Hausa ce ta zame musu harshen gida, tun da ita kaɗai ta haɗa su. Wannan wani fage ne da masu nazarin yaɗuwar Hausa a yankin Binuwai ya kamata su leƙa.

5.0 Daga Kakalaba zuwa Hanyar Makka

Duk sa'ad da aka yi fari cinikin yara yakan farfaɗo. An ga haka a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyakar Nijeriya da Kamaru kuma ta zama mafaka. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin da ake rubuta masa abubuwan da yake yi yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, a ciki har da hare-haren da ya tura duwatsun Mandara da adadin mutanen da aka kamo masa. Sai a 1927 Turawan Ingila suka tuɓe shi. Matsin lamba daga Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, wadda ta zartar da yarjejeniyar hana bauta a 1926, shi ya sa a ƙarshe aka kafa dokar 1936 da ta soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa, shekara 35 bayan dokar Lugga. A ɓangaren Faransa kuwa dokar hana bauta ta fito tun 1905, amma a karkarar Nijar ba ta canza abu mai yawa ba.

Shekara 2 kafin dokar 1936 aka buga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mun saba koyar da shi a matsayin labarin zamanin da ya shuɗe, na yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi da uwar da ta bi sawunsa ita ma ta faɗa bauta. Ya kamata mu riƙa tuna wa ɗalibai cewa sa'ad da marubucin ke rubutu bauta ba ta haramta ba tukuna a ƙasarsa, kuma cikin masu karatunsa na farko akwai 'ya'yan bayi da 'ya'yan iyayengijinsu a aji guda.

Hanya ɗaya da ta gagari hukuma ita ce ta aikin hajji. Mahajjacin ƙasa yakan yi shekaru yana ratsa Cadi da Sudan, tare da mata da yara da barori. Wasu miyagu suka riƙa fakewa da wannan, su ɗauki yaro da sunan za a kai shi ɗakin Allah, a Hijaz su sayar da shi su yi guzurin komowa. Bisa yarjejeniyar Jidda ta 1927 ofishin jakadancin Ingila a Jidda yana da ikon 'yanta bawan da ya fake a cikinsa ya mai da shi ƙasarsu, kuma cikin waɗanda suka amfana akwai mutanen Afirka ta Yamma. Ingila ta saki wannan iko a 1936. Sa'udiyya ba ta haramta bauta ba sai 1962, shekara 2 bayan Nijeriya ta sami mulkin kai.

6.0 Zamanin Hukumomi

Bayan mulkin kai an yi shekaru kusan 40 maganar tana kwance cikin dokokin laifuffuka na gama-gari, ba ta da hukumar kanta. Abin da ya tashe ta shi ne yawan 'yan matan Nijeriya, galibi daga jihar Edo, da aka riƙa kai wa Italiya karuwanci da bashi a wuyansu. A 1999 Hajiya Titi Atiku Abubakar, matar mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ta kafa ƙungiyar WOTCLEF, wadda ta tsaya kai da fata har majalisa ta yi doka. A 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da yarjejeniyar Falarmo, Nijeriya ta amince da ita a 2001, sa'an nan a Yulin 2003 aka kafa hukumar NAPTIP. An gyara dokar a 2005, aka sake ta a 2015, inda aka tsananta horo, aka hana alƙali yanke tara kawai a madadin ɗauri, aka kuma haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida.

Wannan sakin layi na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Mutanen Arewa sukan ɗauki fataucin mutane matsalar Edo ce. Amma dillaliyar da ke kwaso 'yan mata daga ƙauye ta rarraba su gidajen birni aikatau, tana karɓe albashinsu a ƙarshen wata, me take yi? Haka wanda ke ɗaukar mata da takardar umara ya kai su Sa'udiyya aikin gida, ya riƙe fasfo har sai an biya shi. Kalmomin "Kano-Jidda" da "takari" sun shiga bakin mutane ne ta wannan hanya, tsohuwar hanyar nan ta mahajjata, sai dai jirgin sama ya maye gurbin jaki. Hukumar ta buɗe ofisoshin shiyya a Kano da Sakkwato da Maiduguri saboda irin wannan.

Dokar ta yi abin da ta Lugga ba ta yi ba. Ta ce wanda aka yi fataucinsa ba mai laifi ba ne, ta tanadi asusu domin tallafa masa, ta ɗora wa hukuma ba shi masauki da magani da shawara. Amma wanda ya karanta tarihin Zungeru zai ga fuskokin da ya sani. Zaman gidan hukumar na ɗan lokaci ne, bisa ƙa'ida mako 6. Sana'o'in da aka fi koyarwa su ne ɗinki da kitso da girki. A 2019 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto tana sukar yadda ake kulle matan da aka ceto a gidajen, ba fita ba waya, da sunan kare su. Kuma har yanzu tambayar Razdan na nan: idan talauci ne ya fitar da yarinya daga gidansu, mayar da ita gidan ceto ne?

A Nijar an bi wata hanyar. Ƙungiyar Timidriya, wadda aka kafa a 1991, ta matsa har aka sa bauta cikin manyan laifuffuka a 2003. A Oktoban 2008 kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke hukunci a ƙarar Hadijatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12 a kan faran 240,000 na kuɗin sefa, ta zama wahaya a yankin Birnin Ƙonni. Wahaya ita ce macen da ake saye a ajiye bayan mata huɗu na aure, watau ƙwarƙwarar nan da dokar Lugga ta kau da kai daga gare ta. Kotun ta sami gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta umurci a biya ta diyyar faran miliyan 10. A nan hukuma ce da kanta aka gurfanar, kuma ta biya. A Disamban 2010 ƙasar ta kafa dokar yaƙi da fataucin mutane, da hukumar da za ta gudanar da ita. A 2015 aka ƙara wata dokar ta hana fasa-ƙwaurin baƙin haure ta Agadas, wadda ƙasashen Turai suka mara wa baya, gwamnatin soja kuma ta soke ta a Nuwamban 2023. Ya kamata a rarrabe dokokin biyu, domin mai fasa-ƙwauri kuɗin mota yake karɓa ya ƙetarar da wanda ya zo da ƙafarsa, shi kuwa mai fatauci mutumin yake ci. A hamada dai iyakar da ke tsakaninsu takan ɓace, kamar yadda hotunan gwanjon mutane a Libiya suka nuna wa duniya a Nuwamban 2017.

A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamadar arewacin Arlit, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, inda ake kai irinsu bara. Yawancinsu mutanen Kance ne ta ƙasar Damagaram. Daga wannan yanki ne aka kama Dorugu yana yaro a tsakiyar ƙarni na 19, aka sayar da shi a Barno, wani Bajamushe abokin tafiyar Barth ya 'yanta shi, ya je har Ingila, inda Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa ya buga a Magana Hausa a 1885.